Ramin Shekara Huɗu a Takardar Auta

Akwai wani saurayi da duk gidansu ba mai kiran sunansa na yanka, Auta kawai ake ce masa. Ku masu bibiyar wannan shafi, ku ara mini hankalinku, don labarinsa ya daɗe yana cina a rai.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, shi da Yayansa. Uwa ɗaya, uba kowa da nasa, shi ya sa ko a takarda sunayensu ba sa haɗuwa. Abin da ya haɗa su wushirya ce irin ta Inna, da faffaɗan goshinta.

Yaya babba ne a wani kamfanin rarraba kaya. Shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke cewa wannan ya shigo, wancan ya koma gida. Auta kuwa mai kula da sito ne a wani shagon kayan gini. Aikinsa buhun siminti da gwangwanin fenti, kuma yana son aikinsa.

Wata safiya Inna ta faɗi a bakin famfo. Kafin a kai ta asibiti ɓarin jikinta ya shanye.

A barandar asibitin Yaya ya tsaya yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Auta, ka san irin kujerar da nake kai," in ji shi. "Idan na tashi, kafin in juyo wani ya zauna. Kai kuwa naka ƙirga buhu ne. Duk ranar da ka koma, buhu na nan yana jiranka."

Auta bai yi musu ba. Ya ajiye aiki, ya koma ɗakin Inna.

Ya koyi juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Ya koyi yadda ake riƙe cokali ta gefen bakin da ke aiki. Igiyar shanyarsu ba ta taɓa zama babu zane ba. Har kitso ya koya, kitso mummuna, layi ɗaya ya tafi gabas ɗaya yamma. Idan ya miƙa mata madubi sai ta yi dariya da rabin fuska, ɗaya rabin yana kallonsa shiru.

Da farko Yaya yana zuwa. Yakan tsaya a bakin ƙofa, waya a kunne, hanci a ɗage, ya ce, "Inna, ya jiki?" Kafin ta gama haɗa amsar ya kai mota. Daga baya zuwan ya ja baya, har ya tsaya.

Shekara huɗu aka yi a haka.

Ana gab da ƙarshe, harshenta ya yi nauyi ƙwarai, ta kama hannun Auta da hannunta mai rai ta ce, "Ka rufa wa ɗan'uwanka asiri." Sai da ta maimaita kafin ya gane. Ya ce to.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, Auta ya rage shi da katifa. Inda take kwanciya ya lotsa daidai tsawonta, ya ƙi tasowa. Ya kasa naɗe ta, ya kasa kwanciya a kai.

Amma ciki bai daina neman abinci ba. Ya koma shagon kayan gini, ya tarar buhun bai jira shi ba, wani ne a kan kujerar. Sai ya ji ana neman mai kula da sito a kamfanin su Yaya. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Aikin da ya iya, a wurin ɗan'uwansa. Me ya rage?

Ya nufi shagon wata mata mai buga takardu, don ta haɗa masa takardar tarihin aiki, wadda ake kira sibi. Shagon ƙarami ne, fanka na juyawa da kuka, ita kuma tana taunar cingam tana bugawa da yatsu biyu.

"Iri biyu ake yi, ƙanena," in ji ta. "Akwai ta shekara-shekara. Aikinka na ƙarshe a sama, na kafinsa a ƙasa, kowanne da ranar shiga da ranar fita. Akwai kuma ta gwaninta. Ita wannan ba ruwanta da kwanan wata. Abin da ka iya ake jerawa: kula da kaya, lissafi, mu'amala da mutane. Masu sauya sana'a sun fi sonta, da waɗanda suka daɗe a gida."

Ta ja yatsa a kan shekarun da ya faɗa mata, ta tsaya.

"Nan fa? Ga rami nan, ɗan mutum zai faɗa ciki. Ina ka shiga?"

Ya faɗa mata. Ta daina tauna.

"Allah ya jiƙanta. To, in ni ce, zan cike ramin da gaskiya. Amma akwai masu ganin rami su tsorata."

"Buga mini duka biyun, Anti. Yayana aikinsa ke nan, shi zai zaɓa mini."

A ta shekara-shekara, daidai wurin ramin, ta rubuta layi guda: Jinyar mahaifiyata har rasuwarta.

Da yamma ya kai su gidan Yaya. Yaya na kan kujerar fata yana shan shayi, Auta ya zauna a ƙasa. Yaya ya fara ɗaukar ta shekara-shekara. Da idonsa ya kai kan layin nan, wani abu ya gilma a fuskarsa, ya wuce da sauri.

"Wannan takardar neman aiki ce ko ta ta'aziyya?"

"Na ga gaskiyar ke nan, Yaya."

"Ofis ba gidan makoki ba ne. Kana so a ɗauke ka ne, ko a yi maka kuka?"

Ya shimfiɗa takardar a kan tebur ya ɗora kofin shayinsa a kai. Da ya ɗaga kofin, zoben shayi ya zagaye kalmar mahaifiyata. Auta ya kalli zoben, ya kawar da kai.

"Ɗayar za ka kai," in ji Yaya. "Ta gwaninta. Tsaf take, ba mai tambayarka komai. Sannan ka ji da kyau, a can ba ka san ni ba, ban san ka ba. Ba na so a ce na yi son kai."

Auta ya yi godiya har da durƙuso.

Ranar intabiyu ya goge rigarsa guda mai kyau. Aka shigar da shi wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Mutum uku ne a bayan dogon tebur: Yaya a tsakiya, Manaja mai tumbi a dama, a hagu kuma wata yarinya mai tabarau, sabuwar ɗauka da ake koya wa aikin.

Yaya bai ko ɗaga kai ba. Ya ɗauko rula daga cikin durowa, ya ɗora a kan takardar Auta, yana sauko da ita layi bayan layi. Ashe haka yake yi wa kowa, har an san shi da rular. Da ya kai ƙasa sai ya ɗaga takardar sama da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinto ta a kwata.

"Mai Tabarau, matso ki koyi aiki. Me kika gani?"

"Ya iya kula da kaya, ya iya..."

"Me ba ki gani ba?"

Ta duba. "Babu shekaru, Oga."

"Madalla. Ki riƙe wannan har ki tsufa. Duk wanda ya kawo miki takarda ya cire kwanan wata, ba mantuwa ya yi ba. Gawa ya binne, ya share wurin, ya yayyafa turare."

Manaja ya tuntsire da dariya, tumbinsa na girgiza tebur.

Sai a lokacin Yaya ya dubi Auta. Ido cikin ido, kamar bai taɓa goya shi ba.

"Malam, yaushe rabonka da aiki?"

Auta ya ce, "Shekara huɗu."

"Shekara huɗu! Gidan yari?"

"A'a."

"Ƙwaya?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To barci ka yi? Don idan barci ne, muna da kujeru masu laushi, sai mu sa maka fanka."

Manaja ya share hawayen dariya, ya nuna Yaya da biro.

"Kai yaro, kalli bawan Allahn nan. Shekara huɗu yana jinyar mahaifiyarsa. Da rana tsaka zai fita ya je ya ba ta abinci, shi zai yi mata wanka, shi zai juya ta. Duk ofis ɗin nan mun shaida, har ƙarin girma aka yi masa a kai. Kuma bai ajiye aiki ba! Kai da ba ka da nauyin kowa, me ka yi da shekarunka?"

Auta ya dubi Manaja, ya dubi Yaya.

Yanzu ya gane. Ya gane abin da ya gilma a fuskar Yaya, ya gane dalilin kofin shayi. Ba aikin kaɗai aka hana shi ba. Shekarunsa ma an ɗauke, wani ya sa su a wuya yana yawo da su.

Maganar tana bakinsa. Kalma biyu ta isa. Ya kalli Yaya, ya ga wushiryar Inna tana yi masa murmushi, ya ji hannun nan mai rai yana matse nasa.

"Ban yi komai ba," in ji Auta.

"Kin ji ko?" Yaya ya ce wa Mai Tabarau. Ya saki takardar ta faɗa kwandon shara. "Na gaba!"

Auta ya fito yana tafiya bai san inda ya dosa ba. Bai yi kuka ba da farko. Sai da ya wuce wata rumfa ya ga ana yi wa wata tsohuwa kitso, ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyin 'yarta, sannan ya kasa daurewa. Ya zauna a bakin hanya ya rufe fuska da rigar da ya goge.

Washegari ya koma wurin mai buga takardu.

"Anti, ta farkon tana nan a kwamfutarki?"

"Tana nan. Yayan naka bai so ta ba?"

"Buga mini ita. Layin nan kuma ki ƙara masa kauri."

Kada ku ɗauka daga nan ƙofofi suka buɗe. Wani wurin aka karanta layin aka ce, "Allah sarki," aka miƙo masa takardarsa. Wani wurin aka ce hannunsa ya yi sanyi da aiki. Wani ma ya tambaye shi ko babu mata ne a danginsu. Takalminsa ya cinye ta gefe guda. Amma duk inda ya shiga, da Inna yake shiga, ba ya barin ta a bakin ƙofa.

Har ya faɗa wurin wata dattijuwa mai babban sito na tukwane da kwanuka. Ta nisanta takardar da idonta tana karantawa, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Kwance take ko tana zama?"

"Kwance, Hajiya."

"Wa ke juya ta?"

"Ni."

"Bayanta ya yi gyambo?"

"Ko ɗigo."

Ta ajiye takardar. "Nawa maigidan, da 'ya'yansa reras, sai da bayansa ya ruɓe. Gobe ka zo da wuri. Wanda ya riƙe amanar mutumin da ba ya iya kai ƙara, tukwanena ba za su gagare shi ba."

Haka Auta ya koma cikin kaya da ƙura. A hankali ya yi kumari, ya sayi babur, ya naɗe katifar nan ya ba wata maƙwabciya.

Yaya kuwa, Inna ta rasu, uzurinsa ya bi ta, amma ɗabi'ar fita da rana tsaka ba ta bi su ba. Aka yi masa kashedi, aka sake yi, aka sallame shi. Ya zauna a gida yana jiran kujera daidai da wadda ya bari. Ƙananan ayyuka suna zuwa yana cewa sun yi masa kaɗan. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Mota ta tafi, kujerun fata suka bi bayanta.

Wata safiya ya kira Auta. Ba gaisuwa, ba komai.

"Zo ka kai ni wani wuri da babur ɗin nan naka."

Auta ya nemi izinin Hajiya ya je. Ya tarar da shi a bakin ƙofa cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa, da takarda a jakar leda. Ko daga nesa ya gane irinta. Babu shekara ko ɗaya a jikinta.

"Yaya, da ka yi ta shekara-shekara. Ka ce an sallame ka, ka zauna, yanzu ka shirya. Wani zai ƙi, wani zai karɓa."

"Ni za ka koya wa takarda? Ja mu tafi."

Wani sabon kamfani ne. Auta ya zauna a benci a baranda, hular kwano biyu a cinyarsa. Ƙofar ofis ɗin ba ta rufu sosai ba, yana jin komai.

"Oga! Kai ne? Sannu da zuwa, zauna mana."

Muryar mace ce, kuma ya san ta. Mai Tabarau ce. Ta bar tsohon wurin, yanzu ita ce babba a nan, da nata yaran da take koya wa aiki.

Sai ya ji ƙarar wani abu yana goga takarda, layi bayan layi. Rula.

"Ku matso ku koyi aiki," in ji ta. "Me ba ku gani ba?"

"Shekaru," wani ya amsa.

"Duk wanda ya cire kwanan wata, gawa ya binne ya yayyafa turare. Kun san wa ya koya mini? Ga shi zaune a gabanku."

Yaran suka yi dariya. Yaya ma ya yi wata 'yar dariya mara lafiya. Auta ya zaci ranar da zai ji wannan zai ji daɗi. Bai ji ba.

"Da wani ne, Oga, da tuni takardarsa tana kwando," ta ci gaba. "Amma ban manta da abin da ka yi wa mahaifiyarka ba. Mutumin da ya yi wannan jinyar ba a wulaƙanta shi. Zan kai ta gaba da hannuna."

"Na gode, na gode. Ai uwa uwa ce," in ji Yaya.

Ta rako shi har baranda, takardar na hannunta. Sai idonta ya faɗa kan Auta. Ta gyara tabarau.

"Na san fuskar nan. Ba kai ne ka taɓa zuwa neman aikin sito ba?"

"Mai babur ne," Yaya ya yi caraf. "Haya na ɗauke shi."

Ba ta kula shi ba. "Ranar nan ta daɗe tana damuna. Ka sami aiki?"

"Na samu, alhamdu lillahi. Na sake takardar, na rubuta inda na je."

"Ina ka je?"

Auta ya riga ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara ɓoye waɗannan shekarun ba, ko wa ya tambaya.

"Jinyar mahaifiyata na yi."

"Ikon Allah, kamar Oga ke nan."

Ta yi murmushi ta dubi Yaya, ta dawo kan Auta. Murmushin ya fara janyewa. Goshi ɗaya. Wushirya ɗaya. Shekara huɗu nan, shekara huɗu can.

"Me ke tsakaninku?"

Idon Yaya na roƙon Auta, irin roƙon da bakinsa bai taɓa yi ba. Auta bai so tona shi ba, kuma bai iya ƙarya ba. Sai ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya saba faɗa tun yana yaro, duk lokacin da baƙo ya yi tambaya a gidansu.

"Shi ne babba, shi zai faɗa."

Mai Tabarau ta kalli mutumin da ya koya mata aiki. Akwai kwandon shara a gindin bencin. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙe takardar da yatsu biyu, ta sake ta, ta koma ciki ta rufe ƙofa.

A wurin ajiye babura rana ta take. Yaya ya tsaya da jakar leda babu komai a ciki. Auta yana jiran zagi, ko mari.

Can Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Auta. Tana tambayata?"

Auta ya kalli hular da ke hannunsa.

"Da farko kullum. Ko mota ta ji ta wuce sai ta juyo da ido bakin ƙofa."

"Daga baya fa?"

"Daga baya ta ce in juya mata gadon ya kalli bango."

Yaya ya dafa babur ɗin da hannu biyu. Kafaɗunsa suna rawa cikin kwat ɗin nan mai yawa. Auta bai ce ya yi haƙuri ba, bai ce ya yafe ba. Ya sa masa hular a kai, ya ɗaure masa igiyar a ƙarƙashin haɓa, a hankali, yadda yake ɗaure wa Inna ɗankwali.

"Hau, Yaya. In kai ka gida."

Darasi: Takardar gwaninta ba laifi ba ce, tana da ranarta, musamman ga mai sauya sana'a. Amma idan ramin da ke tarihinka na hidimar iyaye ne, ko ciwo, ko jarrabawar rayuwa, kada ka share shi kamar abin kunya. Ka jera shekarunka, ka cike wurin da layi guda na gaskiya. Wanda zai ƙi ka saboda shi, da ma ba wurin zamanka ba ne. Kai kuma da ke bayan tebur, ka yi tambaya kafin ka yi dariya, don ba ka san abin da mutum ya ɗauka a shekarun da ba ka gani ba, kuma rular da ka koya wa wani wata rana a kan takardarka za ta sauka. Ku tura wa mai neman aiki, ku tura wa mai ɗaukar aiki. Wanda kuma mahaifiyarsa ke raye, ya je yau, tun gadon yana kallon ƙofa.